Dutsen Tsakiya na Gidan Buka

Selep ce ta fara ganewa, ba ni ba, ko da yake teburinmu ɗaya a gidan narka duwatsu, kuma kowa ya san na fi ta ido. Ran nan da hantsi ta shigo da abin wuyan gidansu a naɗe cikin jan ƙyalle, ta ce in matsa mata kusa da taga za ta sake masa zare. Wanda ke jiki ya tsufa har ya fara tsinkewa sili-sili, ga shi bikin Kapi, ɗan yayanta, ya matso.

Mu 'yan ƙabilar Paiwan ba mu ɗauki dutsen wuya abin kwalliya kawai ba. Kowanne da sunansa da mazauninsa a jikin zare: ga hawayen rana, ga ido, ga gashin ɗawisu, sai na tsakiya, mulimulitan, wanda in babu shi sauran duk 'yan rakiya ne. Irinsu muke narkawa da gilashi muna sayar wa baƙin da ke hawowa tsaunukanmu daga Pingtung da Taipei, su rataya su ɗauki hoto. Amma na narkawa daban, tsoho na gado daban, kuma ko yarinyar da aka yaye jiya ta san haka.

A kan wannan dutse auren Kapi ya tsaya. Zepul, yarinyar da yake so, jikar Vuvu Muakai ce (Vuvu muke ce wa kaka) ta ƙauyen hayin kogi, gidan sarauta tun kaka da kakanni. Gidan su Selep kuwa gidan mafarauta ne, babu wanda ya taɓa soka gashin gaggafa na sarauta a kansa. Da aka je tambaya tsohuwar ta so ta watsa musu ƙasa a ido, sai Selep ta buɗe baki a gaban jama'a ta ce ai su ma suna da tsohon mulimulitan, wata kakar babansu 'yar sarki ce ta shigo gidan da shi. Muakai ta ce, "To. In tsoho ne, a kafa lilon amarya. In na shago ne, ku kai wa masu ɗaukar hoto." A wurinmu 'yar sarauta ba ta aure sai an kafa mata lilo ta hau. Tun daga ranar Selep ke tafiya a gari kamar ita ta haifi dutsen.

Ta kwance ƙulli, ta shiga zare duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana jera su a kan ƙyalle yadda suka fito. Da ta zo tsakiya sai hannunta ya tsaya.

"Muni," ta ce da ni, "miƙo tafinki."

Ta ɗora mini. Launi dai ya yi, fari da ja da shuɗi suna bin juna suna lanƙwasa, har an dusashe masa jiki ya yi kama da wanda ya sha wuyan mata. Amma da na ɗaga shi wajen taga na leƙa ramin, sai na ga abin da ta gani. Ramin tsohon dutse zare ya cinye shi, yakan zame gefe guda kamar bakin tsohuwa. Wannan kuwa a zagaye yake cif, can ciki kuma ga ragowar farar lakar da muke shafa wa ƙarfe don kada gilashi ya kama.

"Wannan ai ko shekara bai yi ba," na ce.

"Ke, rage murya! So kike duk gari ya ji?"

Ta fizge shi ta dunƙule a hannu. Fuskarta ta yi fari fat. Muka waiwaya tare muka dubi sauran matan, kowacce ta duƙufa kan wutarta, amma a ranar sai na ga kamar duk kunnuwansu sun ƙara tsawo.

Abin wuyan nan a tukunyar gado yake kwana, a ƙuryar ɗakin Vuvu Kereker, mahaifiyarsu. Ba ta taɓa rataya shi ta fita ba, ko a bikin girbin gero, kuma mun sha yi mata tsiya a kan rowa. Baƙo ba ya shiga ɗakin. Don haka ba sai an je wajen mai duba ba, ɓarawon a gida yake cin tuwo.

"Yaya Kui ne," in ji Selep, tun kafin mu kashe wuta.

Ni ma shi na zarga, ba zan ɓoye ba. Kui shi ne ɗan fari, shi zai gaji gida da tukunya da duk abin da ke ciki. A bana ya sayi 'yar motar ɗaukar mangwaro, shuɗiya, kuma mangwaron bana ƙanƙara ta bi ta kansa. Ga wani ɗan kasuwa mai farar hula da ke zagaya ƙauyuka yana tambayar tsofaffin kaya, an gan shi sau da yawa a ƙofar gidan yana shan shayi. Biri ya yi kama da mutum.

Muka tarar da shi a bayan gida yana fere dogayen itatuwan da za a kai hayi a kafa lilo. Selep ba ta yi wata kwana-kwana ba, ta buɗe masa tafin hannu a ƙarƙashin hanci.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Dutsen Inna mana. Me ya fito da shi rana?"

"Dube shi da kyau. Ko kuwa ka riga ka san abin da za ka gani?"

Ya ajiye adda, ya karɓa, ya juya. Kui ya san sawun aladen daji, bai san ramin dutse ba, sai da na nuna masa. Da ya gane, ya zauna daɓas a kan itacen.

"Ina na gaskiyar?"

"Ni za ka tambaya? Tambayi motarka. Tambayi abokinka mai farar hula."

"Selep, ki iya bakinki. Motar nan sai na gama biyanta jikokina sun yi gemu. Mutumin kuma tsohon turmi ya zo nema, na kore shi."

"Da shayi kake korar mutane?"

Ya miƙe tsaye. Na ɗauka marinta zai yi, amma sai ya yi wata 'yar dariya wadda ta fi mari ciwo.

"Ɗana ne zai yi aure, ba naki ba. Ni zan sayar da abin da zai buɗe masa ƙofa? Bari ni ma in tambaya. A duk gidan nan wa ke da wuta da gilashi? Wa ta iya narka dutse har uwarta ta kasa bambancewa? Kuma wa ta san ranar da Inna ta rufe ido tukunyar nan ba ɗakinta za ta ba?" Sannan ya juyo kaina. "Ke kuma Muni, rakiya kika zo ko gadi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa ni da ya gan ni nan ko allura ban taɓa ɗauka a gidan wani ba. Amma a hanyarmu ta komawa na kama kaina ina satar kallon Selep. Ita ta dage sai an sake zare. Ita ta kira ni shaida, a gaban taga, inda haske ya fi. In mutum zai musanya abu, ai babu dabarar da ta fi ya zama shi ya fara ihu. Ita ma, na lura, ta daina ajiye jakarta a gefena. Shekara da shekaru muna cin gwaza a kwano ɗaya, sai ga mu kowacce tana ƙirga numfashin 'yar'uwarta. An ce zato zunubi, to a makon nan duk mun kwashi rabonmu.

Kui ya tsare ɗansa ya yi masa tambayar ƙure, yaron ya yi ta rantsuwa har da hawaye. Matar Kui ta daina gaishe da Selep. Ba wanda ya faɗa wa Vuvu Kereker, wai kada zuciyarta ta buga. Tana zaune a ƙofa tana tauna goronta tana tofar da ja, tana bin kowa da ido.

Dutsen da kansa ya tona mai shi. Ina zaune da shi wata rana da azahar, ina juyawa don haushi, sai na lura da zanen. In kana jan launi a jikin gilashi mai zafi, hannun dama na riƙe tsinke, na hagu na murza ƙarfe, lanƙwasar takan kwanta gefe guda. Ta wannan dutsen ta kwanta ɗaya gefen. Bahaguwa ce ta yi shi, kuma bahaguwa ɗaya gare mu, Paules, wadda ke zama can ƙarshen ɗaki kusa da ƙofa.

Muka bari sai da aka tashi, muka tare ta tana wanke ƙarafa.

"Paules, hannunki ne wannan?"

Ta kalla ta kau da kai. "Duwatsun da na narka sun fi gashin kaina yawa, ina zan gane?"

"Za ki gane a gaban dattawan coci," in ji Selep. "Wa ya sa ki? Yaya Kui? Matarsa? Ko ke ce da kanki kike aiki da mai farar hula?"

"Kai, jama'a! Ni 'yasu, daga taimako?" Ta yarfe ruwan hannunta. "To ku ji, tunda abin ya zama sharri. Uwarki ce. Da ƙafarta ta zo gidana tana dogara sanda, ta zauna a gefena, ta ce ƙara ja nan, rage shuɗi can. Sai da na lalata guda nawa kafin ta yarda da wannan. Ita ta ce in goge shi da yashi in shafa masa kitse. Ta sa na yi alkawari ba zan faɗa ba, ga shi kun sa na karya."

Ni kuwa na ji sanyi a raina, don ashe ƙawata ba ɓarauniya ba ce, amma na kasa kallon idonta saboda abin da na yi ta saƙawa.

Washegari na raka ta. Vuvu Kereker na tsakar gida tana juya gwazar da aka shanya. Na gaishe ta na rakuɓe a bakin ƙofa.

"Inna," in ji Selep, "na ga Paules."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Tana lafiya?"

"Inna, ina dutsen?"

"Ga shi a hannunki."

"Na gaskiya nake nufi. Kin sayar?"

"Ban sayar ba."

"Kin ba wani?"

"Ban ba kowa ba."

"To yana ina? Kin san abin da Vuvu Muakai ta ce. Matar nan idonta ya tafi, amma yatsunta suna gani. Da ta taɓa wannan za ta jefo mana shi a fuska, a yi da mu a ƙauye biyu."

"Sai a yi. Bakin mutane ba ya huda fata." Ta tura gwaza gefe da sanda. "Gidaje nawa yanzu ke kai sabon dutse? Za ta yi tsaki, ta ƙara mana alade biyu a kan kaya, yarinyar ta yi kuka, a ƙarshe a daidaita. Ki zura wannan ki kai."

"Ni na tsaya a gaban mutane na ce muna da shi! Sunan Baba na kira!"

A nan ne tsohuwar ta ɗago. Marigayi Buka, uban su Selep, maharbi ne da ba a yi kamarsa ba a kwarin nan, daga baya ya zama dattijon coci. Selep ce 'yar lelensa. Har yau in ta ce "Baba" sai ka ga ƙirjinta ya buɗe, kuma hotonsa na rataye a saman teburinta.

"Wa ya aike ki ki kira sunansa?" in ji Kereker.

"Inna, don Allah, me ya sa?"

"Don na ce. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Ta juyo gare ni. "Muni, tunda kin zo jin gulma, zo ki kama mini tabarmar nan, hadari na haɗowa."

Da muka fito Selep na huci. Ta ce ta gane, tsohuwa so take a binne ta da shi. Na ce ni ma haka na gani. Mutanen da, kafin a sauko da mu daga tsofaffin garuruwa na kan tsauni, a cikin ɗaki ake binne su, ƙarƙashin falalen daɓe, da duwatsunsu a wuya. Tsofaffi da yawa har yanzu zuciyarsu na can. Muka yi ta mamakin son kai irin na tsufa, a ce mace ta fifita kwalliyar kabarinta a kan auren jikanta. Mun ji daɗin wannan bayani, don ya zauna daidai, kuma ya wanke kowa.

Samun dutsen bai yi wuya ba daga nan. Ranar da aka kai Vuvu Kereker asibitin gari a duba mata ƙafa, Selep ta buɗe akwatin da tsohuwar ta ajiye kayan da za a binne ta da su. Ta bi bakin baƙar rigar da yatsa, ta ji ƙullutu a cikin wuyan, an ɗinke shi da ƙananan ɗinki. Ta farke, ta ciro, ta cusa na Paules a gurbinsa, ta mayar da ɗinki yadda yake. Ta kawo mini shi. Ya fi wancan nauyi, ya fi shi sanyi, launinsa kamar daga can ciki yake fitowa. Ni na riƙe mata bakin zare ta zura shi a mazauninsa.

"Kada Inna ta sani sai an gama," ta ce. "Ran da ta ga amarya a kan lilo za ta gode mini."

Kui kaɗai ta faɗa wa. Ya rungume ta, suka yafi juna, har ya aiko mini da cinyar alade.

Ranar kai kaya muka haye kogi da safe, mota biyu. Samarinmu sun riga sun kafa lilo a ƙofar gidan Muakai, itatuwa huɗu sun haɗa kai a sama, an yi musu ado da ganye. Aka shimfiɗa tabarmi aka jera kaya: tukunya, wuƙa mai kube, alade a ɗaure, dammunan gero, tulunan giya, ƙullin goro. Zepul na daga ciki tare da ƙawayenta, ana jin dariyarsu. Kapi na tsaye cikin rigar biki, gumi na bin wuyansa.

Vuvu Kereker ta zauna a kujerar da aka ba ta, ta haɗa hannu a kan sanda. Na dube ta na ga ta shirya wa wulaƙanci, ta ɗaure fuska irin ta mai jiran allura. Har na ji tausayinta, na kuma ji daɗin abin mamakin da ke jiranta.

Aka fito da Vuvu Muakai, mutum biyu na riƙe da ita. 'Yar ƙarama ce, bayan hannuwanta duk zanen sarauta, idanunta sun yi fari. Mai magana da yawun gidan ya riƙa ɗaga kaya yana faɗin sunansu, tana gyaɗa kai. Da aka zo kan abin wuya ta miƙa hannu biyu.

Ta faro daga gefe, tana ja tana kiran suna a hankali. Wannan tsoho ne. Wannan ma. Wannan an taɓa gyara shi. Selep ta matse mini hannu. Da yatsun tsohuwar suka iso tsakiya, ta auna shi a tafi, ta kai shi kunci, ta taɓa da harshe.

"Tsoho ne," ta ce.

Wurin ya ɗauki guɗa. Kui ya saki ajiyar zuciya. Ni kuwa Kereker na kalla, na ga sandar ta zame daga hannunta ta faɗi, ba ta ko sunkuya ba. Idonta na kan 'yarta.

Muakai ba ta saki dutsen ba. Babban yatsanta na ta zagaya bakin ramin, ya je ya dawo, ya tsaya a kan wani ɗan ɓantare da ke gefe, wanda duk muka sani muka ɗauka tsufa ne. Ta ɗaga hannu, guɗa ta mutu.

"Wa ya ce kakarsu ta shigo da wannan?"

"Ni ce, Vuvu," in ji Selep. "Kakar babanmu, 'yar sarki..."

"Sunanta?"

Ba a taɓa faɗa wa Selep sunan ba, kuma sai a lokacin ta lura.

"Ni na ɓantare shi," in ji Muakai. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bayan katanga sun ji. "Ina yarinya na ɗauke shi ina wasa, ya faɗi a kan daɓe. Uwata ta yi mini dukan da ban manta ba. Da ta rasu ni na ɗaura mata shi a wuya, da hannun nan. Ina tsaye aka saukar da ita a tsakar ɗakinmu na kan tsauni, aka ja falale aka rufe." Ta juya fararen idanunta wajen da muke. "Kereker, kina nan?"

"Ina nan."

"Ta yaya abin da ke wuyan uwata ya zo gidan maharbi?"

Ba wanda ya motsa. Aladen da ke ɗaure ne kaɗai ke gurnani. Selep ta buɗe baki za ta ce wani abu, wataƙila kama ce, wataƙila saya aka yi, uwarta ta riga ta.

"Buka ne. Shekarar da aka sauko da ku, kufai ya zama babu kowa. 'Yan kasuwa na bin mafarauta suna nuna musu abin da za su samu. Ya shiga ɗakinku ya ɗaga falalen. Sauran ya sayar. Wannan na ƙwace na hana, na kasa sawa, na kasa dawo miki da shi, don in na kawo sai na faɗi inda na samo. 'Yar sarkin nan ni na ƙirƙiro ta, yara sun dame ni da tambaya."

Hannun Selep ya saki nawa. Tsananin tone-tone, in ji mutane, kaza ta tono wuƙar yanka ta, kuma ni na riƙe mata zare.

Na zaci Muakai za ta yi zagi, ko ta yi kuka. Ta daɗe tana murza dutsen. Da ta yi magana, muryar ta zama ta ƙaramar yarinya.

"Ya mayar mata da marfin?"

"Bai mayar ba, tsoro ya kama shi ya gudo," in ji Kereker. "Ni na hau washegari, da cikin Kui. Na gyara mata kwanciya, na lulluɓe ta da mayafina, na ja falalen da itace har ya zauna. Ruwa bai taɓa ta ba."

Muakai ta gyaɗa kai a hankali. "Wannan na gode miki." Ta ce a ba ta wuƙa. Ta yanke sabon zaren, ta zare dutsen ta sa a ƙirjinta, ta tattara sauran a cikin ƙyalle ta miƙa ba tare da ta san wa zai karɓa ba. Kui ya karɓa.

"Ba a neman 'yar gida da kayan kabarin gidan," ta ce. "Yaron ba shi da laifi, na sani. Amma ba zan iya zama in ji an kira jikokina da sunan gidan da ya buɗe uwata ba. In na mutu ku yi abin da kuka ga dama. A sauke lilon."

Daga cikin gida aka ji wani abu ya faɗi, sannan kukan Zepul. Kapi ya yi kamar zai shiga, kawunnanta suka tsaya a ƙofa, ba da faɗa ba. Ya cire hular bikin ya riƙe a hannu, yana ta kallon babansa. Mu kuma muka shiga kwashe abin da muka jera, tukunya da gero da alade, a gaban mutanen da ɗazu suke mana guɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ma gidanmu ba ne.

A bayan motar Kui muka zauna, ni da Selep da tsohuwar, tsakanin tulunan giyar da ba a buɗe ba. Selep ba ta yi kuka ba, ta ƙura wa ƙasan motar ido kamar an zare mata laka. Can ta durƙusa a gaban uwarta, motar na jijjiga ta.

"Inna, kalma ɗaya. Da kin faɗa mini kalma ɗaya, da ban taɓa rigar nan ba. Me ya sa kika bar ni?"

Kereker ta dube ta. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Ta sa hannu ta gyara mata furen da ya karkace a kanta.

"Ni tun ina da cikin yayanki na rasa mijina, na zauna da shi dai har ya mutu," ta ce. "Ke kuwa kina da uba. Na so in mutu in bar miki shi."